Duba mafitsara da bututun ƙoda kafin a rufe ciki a tiyatar cire mahaifa

Tambaya: Ina cikin shekarun koyon tiyatar mata. Idan mun gama cire mahaifa, abin da muka saba shi ne mu dubi jakar fitsari. In fitsari na zuwa kuma babu jini a ciki, sai a rufe. Wannan ya wadatar? In bai wadatar ba, me ya kamata a yi kafin a rufe, musamman inda babu madubin mafitsara?

Amsa: Likita, bai wadatar ba. Ƙoda biyu ce ke zuba a jaka ɗaya. Ko da ka ɗaure bututun hagu tamau, ƙodar dama za ta ci gaba da cika jakar da fitsari garai-garai, kai kuma ka cire safar hannu hankalinka kwance. Jini a jaka dalili ne na tsayawa a duba, amma sau da yawa gogar robar fitsari ce ta kawo shi, ko dannewar ƙarfen buɗe ciki a kan mafitsara. Rashin jinin kuwa ba ya wanke komai.

Binciken yana farawa ne tun kafin ka ɗora kilam na farko, wato ƙarfen matse jijiya. Bututun ƙoda, wanda muke kira yureta a ɗakin tiyata, tsawonsa santimita 25 zuwa 30 ne, kuma a kashi ukunsa na ƙasa ake yin yawancin ɓarnar. A bakin ƙugu yana tsallake wurin da babbar jijiyar jini ta iliyak ta rabu biyu, dab da jijiyoyin da ke kai jini ga ƙwan mace, don haka duk wanda zai cire ƙwan yana aiki ne a kansa. Daga nan sai ya gangara manne da tantanin gefen mahaifa, ya bi ta ƙarƙashin jijiyar mahaifa, kimanin santimita 1.5 zuwa 2 daga gefen bakin mahaifa. Sai ya karkato gaba, ya shafi kusurwar saman farji, ya shiga mafitsara. Wannan tazarar ta santimita biyu ta mace ce mai lafiyayyen ƙugu. Ƙarin mahaifa da ya tsiro a bakin mahaifa ko a gefe, endometiriyosis (tsirowar naman shimfiɗar mahaifa a wajenta), tsohon ciwon sanyi da ya manne komai, zazzagowar mahaifa, ko mahaifar da ta fashe a naƙuda, kowannensu na iya jawo bututun ya kwanta a jikin abin da za ka yanke. Duk da haka, raunuka da yawa a aikin da aka ɗauka mai sauƙi ne suke faruwa, domin a nan ne ba a damu da neman bututun ba.

Nemansa ba wuya in an saba. Ka yanke igiyar gaba ta mahaifa, wadda muke kira rawun ligament, ka tsaga tantanin ciki zuwa sama ta wajen jijiyoyin ƙwai, kana tafiya daidai da su. Ka buɗe wurin a hankali da yatsa ko bakin almakashi a rufe har ka ga jijiyar iliyak ta waje kwance a kan tsokar sowas. Ka bi jijiyar zuwa sama inda ta haɗu da 'yar'uwarta ta ciki. A nan za ka ga bututun yana tsallakawa, manne da ɓangaren tantanin da ke ta ciki. In ka shafa shi a hankali zai yi motsi irin na tana, abin da jijiyar jini ba ta yi. Kada ka dogara da lalube kaɗai. Wannan ɗan tsallen da ake ji tsakanin yatsu biyu, wata jijiya ko ninkin tantani ma na iya ba ka shi. Kada kuma ka feɗe bututun tas don ka gan shi da kyau, domin ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da shi a cikin rigarsa ta waje suke gudana. A cikin ƙugu jininsa daga gefen waje yake zuwa, saboda haka in dole ne a 'yanta shi, ta ɓangaren ciki ake bi. Bututun da aka tuɓe wa riga yana iya mutuwa bayan kwanaki ko da wuƙa ba ta taɓa shi ba.

Wannan motsin yana gaya maka cewa abin da kake kallo yureta ne, iyakarsa ke nan. Bututun da aka ɗaure a ƙasa yana motsi a sama, wanda aka datse gida biyu ma yana yi. Haka kuma kumburin da ke biyo bayan toshewa ba ya bayyana cikin 'yan mintuna, don haka ganinsa siriri ba shaidar lafiya ba ne.

Sauran kariyar ka san ta: a ture mafitsara ƙasa da kaifin almakashi har ta wuce inda za a yanke farji da santimita ɗaya zuwa biyu, musamman ga wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, inda turawa da gos, wato ƙyallen tsane jini, kan yaga ta; a ja mahaifa sama sosai lokacin kama jijiyarta; kowane kilam na gaba ya zauna ta cikin wanda ya gabace shi, manne da bakin mahaifa. Abin da zan nanata shi ne lokacin da jini ya ɓalle a kusurwar farji. A nan hannu ke rigan ido. Ka danna da gos, a tsotse jinin, a gyara fitila, ka nemo bututun, sannan ka kama jijiyar ita kaɗai. Babban ɗinkin da aka zurma cikin tafkin jini ido rufe yana cikin manyan musabbaban ɗaure yureta.

To, an cire mahaifa, an ɗinke saman farji. Fara da mafitsara, don ita ce ta fi yawan samun rauni kuma ta fi sauƙin gwadawa. Wani lokaci da kanta take tona asiri: ka hango balan-balan ɗin robar Foley a cikin fili, ko ruwa ya riƙa taruwa a ƙugu ba ka san daga ina ba, ko a tiyatar kyamara jakar fitsari ta kumbura da iska. In babu ko ɗaya, ka cika ta ta cikin robar. A zuba metilin bulu, wato shuɗin rini, kaɗan a ruwan gishiri, a tura mililita 200 zuwa 300 da babban sirinji ko layin ƙarin ruwa, a matse robar. Ka shimfiɗa farin gos a bayan mafitsara da kan ɗinkin farji, ka ɗan matsa ta da hannu, ka duba. Ƙasa da mililita 200 bangon ba ya miƙewa yadda ƙaramin rami zai buɗe. Ban da yoyo, ka lura da wurin da shuɗin ke haskowa ta cikin bango ko tantanin ciki ya bullo kamar ƙurji. Wannan tsoka ce ta yage, saura fatar ciki kawai, kuma wurin na bukatar ɗinki ko da bai zubar ba. Wasu sun fi son madarar jarirai da aka kashe wa ƙwayoyin cuta maimakon shuɗi, domin ba ta rina nama, ana iya wankewa a sake gwaji bayan gyara. Shuɗin kuwa da zarar ya zuba sau ɗaya ya ɓata filin, gwaji na biyu sai ya yi wuyar karantawa.

Wannan gwajin bai san komai game da yureta ba, kuma ba zai nuna maka zaren da ya ratsa cikin mafitsara lokacin ɗinke farji ba. Irin wannan zaren ba ya yoyo a ranar. Daga baya ne yake cin naman da ya shaƙe, matar ta dawo da yoyon fitsari, ko dutse ya taru a kansa. Don haka ake leƙawa da madubin mafitsara, sistoskof.

Shirinsa tun farkon aiki ne. In ka kwantar da majinyaciya a miƙe ƙafafu haɗe, leƙawar za ta zama wahala a ƙarshe, kuma abin da ya zama wahala a ƙarshen doguwar tiyata yawanci barinsa ake yi. A ɗora ƙafafunta a maɗauki tun farko, a shimfiɗa zannuwa yadda za a iya kaiwa ga gabanta. Lokacin leƙawa shi ne bayan an gama duk wani ɗinki da ƙona, kafin a rufe ciki ko a zare bututun kyamara. Madubi mai kusurwar digiri 70 ya fi nuna bakin bututun da gefuna, mai digiri 30 ma yana yi. Cire robar fitsari, shigar da madubi, cika da mililita 250 zuwa 300. In ruwa na shiga mafitsara ba ta buɗewa, akwai rami har sai an tabbatar da akasin haka. Mataimakinka ya duba ta ciki. Nemi kumfar iska, ita ce alamar rufin mafitsara. Daga nan ka zagaya bangon gaba ɗaya a tsanake, ka fi daɗewa a bangon baya, sama kaɗan da fili mai kusurwa uku da ake kira tiraigon, domin nan ne ke kwance a kan ɗinkin farji. Abin nema shi ne zare, wurin da ya tattare ko ya lotsa kamar an ja shi daga waje, da wurin da ya yi fari fat saboda ƙuna. Sai ka sauko kan ɗan tudun da ya haɗa bakunan bututun biyu, ka bi shi dama da hagu. Suna wajen ƙarfe biyar da ƙarfe bakwai in ka ɗauki fuskar agogo.

Ka tsayar da madubi a kan baki ɗaya ka jira. Abin da kake so shi ne feshi mai ƙarfi, kuma ka gan shi fiye da sau ɗaya a kowane gefe. Dalilin maimaitawar shi ne guntun bututun da ke ƙasa da ɗauri yana iya matso ɗan fitsarin da ya rage a cikinsa, bakin ya motsa, ka ɗauka komai lafiya. Fitsarin da ke tsiyaya a raunane a gefe ɗaya alhali ɗayan na feshi, ko wanda ya fito da jini, abin tuhuma ne.

Rini yana sauƙaƙa ganin, kuma yana tabbatar da cewa abin da ya fito daga ƙoda ya taho bayan an yi allurar. Indigo kamin, miligiram 40 a jijiya, shi aka daɗe ana amfani da shi, yana fitowa cikin minti 5 zuwa 10, sai dai ya yi ƙaranci a kasuwa a wajen 2014. Sodiyam fuloresin na kashi 10 cikin ɗari, mililita 0.25 kawai, wato miligiram 25, yana ba da ruwan ɗorawa mai ƙyalli cikin 'yan mintuna. Fenazofiridin miligiram 200 da aka sha kamar awa ɗaya kafin tiyata yana mayar da fitsari ruwan lemo, amma ba a ba mai raunin ƙoda. In babu ko ɗaya, cika mafitsara da ruwan sukari na kashi 10 cikin ɗari maimakon ruwan gishiri. Saboda bambancin kauri za ka ga fitsarin yana murɗawa a cikinsa. Metilin bulu a jijiya shi ne wanda zan ce a yi hattara da shi. Yana iya fasa jajayen ƙwayoyin jini ga mai ƙarancin sinadarin G6PD, yana iya haddasa mummunan rikicin sirotonin ga mai shan magungunan damuwa irin su fuluoksetin, yana sa na'urar auna iskar jini ta nuna faɗuwar ƙarya, wani lokaci kuma jiki na juya shi ya fito ba launi. Ka gaya wa likitan sa barci kafin a tura kowane rini. Zuba shi a cikin mafitsara ta roba wani abu ne daban, wannan ba ya ɗauke da irin wannan haɗarin sosai.

In minti goma ya wuce gefe ɗaya shiru, kada ka firgita, kada kuma ka yi wa kanka bayanin da zai ba ka damar rufewa. Tambayi likitan sa barci nawa majinyaciya ta samu na ruwa, nawa ta zubar na jini, yaya hawan jininta. A ƙara ruwa, a daidaita gadon in kanta na ƙasa, a ba da furosemayid, maganin sa fitsari, miligiram 10 zuwa 20, a sake jira minti 10 zuwa 15. A duba hoton da aka yi kafin tiyata, ko ƙodar wannan gefen tana nan kuma tana aiki, don akwai waɗanda aka haifa da ƙoda ɗaya ko tasu ta daɗe da mutuwa. In duk wannan bai kawo feshi ba, ka ɗauka toshewa ce. Tura siririyar robar yureta mai lamba 5 ta bakin, ka lura da santimitar da ta tsaya, don ita za ta nuna maka ɗinkin da ake zargi. Tsayawa a santimita 2 zuwa 5 tana nuni ga kusurwar farji ko kututturen jijiyar mahaifa. Ka warware ɗinkin ɗaya bayan ɗaya, kana farawa da wanda ya fi kusa, kamar na ɗaga saman farji zuwa igiyoyin baya na mahaifa, wanda ya shahara wajen lanƙwasa bututun ba tare da ya kama shi ba. Sau da yawa cire zare ɗaya ke sa feshi ya dawo nan take. Wucewar roba ba tare da tsayawa ba abin ƙarfafa gwiwa ne, amma tana iya ficewa ta wurin da aka yanke ta shiga cikin ciki, don haka wani ya riƙa kallo ta sama. Inda akwai na'urar hoto a ɗakin tiyata, tura ruwan hoto daga ƙasa zuwa sama shi ne ya fi fayyace komai.

Inda babu sistoskof, madubin leƙa mahaifa yana yin aikin tsaf, haka ma siririyar kyamarar ciki ta milimita 5 in an sami hanyar tura ruwa. In ciki a buɗe yake kuma babu kowane madubi, hanya biyu ce. Ta farko, bin bututun da ido daga bakin ƙugu har inda ya shiga mafitsara, tare da rini a jijiya don a ga ko zai zuba a fili. Ta biyu, wadda matasan likitoci ke jin tsoro ba gaira ba dalili, ita ce a buɗe mafitsara da gangan. A tsaga rufinta santimita 3 zuwa 4, nesa da tiraigon, a leƙa bakunan biyu kai tsaye, in ana shakka a tura robar ciyar da jarirai mai lamba 5 ko 6 zuwa sama. Rufin mafitsara na da wadatar jini, yana warkewa lafiya in an ɗinke shi da kyau an bar roba. Kwana bakwai zuwa goma da robar fitsari ba a haɗa shi da asarar ƙoda. Tsaga bututun kansa don a gwada shi kuwa a guje masa, yana iya barin ƙunci ko yoyo.

Ko a leƙa wa kowace mace, ko sai wadda aka yi shakka? Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2009, kan mata 839 da aka leƙa mafitsararsu dukansu bayan cire mahaifa, ya sami rauni a kashi 4.3 cikin ɗari. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai aka gane da ido kafin a saka madubi, madubin kuma ya kama kashi 97 cikin ɗari. A ɗaya ɓangaren, nazarin da ya tattara bincike da yawa bai nuna a fili cewa leƙa wa kowa yana rage raunukan da ake ganowa bayan tiyata ba, kuma a hannun ƙwararru raunin yureta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ra'ayina shi ne mai koyo ya leƙa a duk lokacin da kayan ke nan, domin aikin mintuna kaɗan ne, kuma wanda bai saba ganin mafitsara mai lafiya ba ba zai gane marar lafiya ba ranar da ake bukata. Ba a sassauci kuwa a aikin zazzagowar mahaifa ko na rashin riƙe fitsari, da duk inda aka sha fama da manne-manne, aka zubar da jini a gefen bakin mahaifa, ko aka kasa ganin bututun. Saka roba a yureta tun kafin a fara aiki yana taimakawa wajen lalubo shi a ƙugu mai wuya, amma ba a nuna yana hana rauni in an mayar da shi al'ada ga kowa ba.

Akwai abin da madubi ba ya gani, kuma dole ka riƙe shi a zuciya. Ƙunar na'urar ƙona jijiya tana bazuwa milimita da dama daga inda bakinta ya taɓa, ta nau'in mono-fola ta fi kowacce, kuma bakin na'urar na nan da zafi daƙiƙu bayan an ɗaga ƙafa daga kan makunninta. Bututun da ya ƙone ko ya rasa jininsa zai yi feshi lafiya lau a ranar tiyata, sai bangonsa ya ruɓe ya huje bayan mako ɗaya zuwa biyu. Saboda haka in ka ga wurin da ya yi fari ko ya ƙanƙance a jikin yureta kusa da inda ka ƙona, feshin da ka gani bai wanke shi ba. Ƙaramar ƙuna a saka sitent, wato siririyar robar da ake bari a cikin bututun, babba a yanke wurin a sake haɗawa.

In an sami rauni, gyara a zaman nan ya fi kowane gyara na baya sauƙi da nasara. Ramin rufin mafitsara ana ɗinke shi hawa biyu da zare mai narkewa, mai lamba 3-0 a ciki, 2-0 ko 3-0 a tsoka, a sake cikawa a tabbatar ba yoyo, a bar roba kwana 7 zuwa 14 gwargwadon girman ramin da wurinsa. Zare marar narkewa ba ya shiga mafitsara. Ramin da ya kusanci tiraigon ko bakin bututu na bukatar a saka roba a yureta kafin ɗinki, kuma a kira likitan hanyar fitsari in akwai shi. Ɗaurin da aka gano nan take, a kwance, a duba launin bututun da motsinsa, a saka sitent mai lanƙwasa biyu na mako 4 zuwa 6. Wanda aka datse kusa da mafitsara, sabon dashe ake yi masa a jikinta, in bai kai ba a ja mafitsarar sama a ɗaure ta a tsokar sowas. Wanda aka datse sama da bakin ƙugu, a tsaga bakunan biyu a faɗaɗa su, a haɗa a kan sitent da zare 4-0 ko 5-0 ba tare da ja ba, a bar robar tsotse ruwa a gefe. In majinyaciya ba ta da ƙarfin jure doguwar tiyata ko babu mai iya gyaran, a yi wa bakin alama, a samar wa fitsari mafita ta roba, a tura ta inda za a iya, da cikakken bayani a rubuce.

Bayan tiyata, ciwon kwiɓi a gefe ɗaya, zazzaɓin da ba a san tushensa ba, cikin da ya ƙi saki ya kumbura, ruwa mai yawa a robar tsotsa, ko ruwa na zuba ta farji, kowanne ya sa a tuna da hanyar fitsari. Rashin fitsari gaba ɗaya bayan an tabbatar roba ba ta toshe ba kuma an ba da ruwa, a ɗauka bututu biyun ne, aikin gaggawa ne. Kiriyatinin na jini, sinadarin da ake auna aikin ƙoda da shi, yana iya zama daidai ko ya ɗan motsa kaɗan in gefe ɗaya ne, don haka bai isa hujja ba. Aika ruwan robar tsotsa a auna kiriyatinin ɗinsa tare da na jini: in fitsari ne zai ninka na jinin sau da yawa. Hoton sikanin na nuna kumburin ƙoda, amma hoton siti (CT) da ruwan hoto, wanda aka jira har ruwan ya sauko bututu, shi ke nuna wurin. Ga mai yoyo ta farji, a cika mafitsara da shuɗi a jera gos uku a farji. In na sama ya yi shuɗi, mafitsara ce. In ya jiƙe da ruwa marar launi, a nemi yureta. Kuma tun ranar sallama a gaya wa matar da wanda ke jinyarta waɗannan alamun da baki, a ce su dawo ko da mako biyu ko uku sun wuce, domin raunin ƙuna yawanci a gida yake bayyana.